Ƙarfe na nan, maƙera ta yi sanyi: nazarin ciwon wani yaro daga bakin kogin Rahad

Yaron ɗan yayana ne, shekararsa goma a lokacin, kuma ni na ɗebi jininsa na farko da hannuna. Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a garin Gadarif, su kuma suna can ƙauyenmu na bakin kogin Rahad, inda kakanninmu suka yada zango a hanyar Makka, noman dawa da riɗi da kamun kifi suka riƙe zuriyarsu har yau. Abin ya faru shekaru kaɗan kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023. Abin da ya sa na zauna na rubuta shi tambaya ce da mahaifinsa ya yi mini ranar da suka iso, yana tsaye da leda cike da kwalaben magani: "Kai da ka san aikin nan, gaya mini. Duk abin ƙarin jini mun ba shi. Ina jinin yake tafiya?"

Zazzaɓin ya fara ne ana tsakiyar yankan riɗi. An ba shi maganin maleriya a ƙaramin asibitin da ke kusa da su, bai sauka ba, aka sake ba shi, sannan aka koma na taifod. Abin da ya yaudari gidan shi ne yaron bai kwanta ba da farko. Yana cin tuwonsa, yana fita wajen abokansa in jikin ya yi sanyi, sai dai kullum yana ƙara ramewa, cikinsa kuma yana tasowa ta gefen hagu. Da uwarsa ta ga tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, sai ta duƙufa: gasasshiyar hanta, zoɓo, dabino da madara, da kwalba uku na ruwan maganin ƙarin jini daga kantin magani. Kakarsa ta kai shi wurin wanzami aka yi masa sakiya uku a kan saifa. Haka aka shafe kusan wata biyu. Ranar da ya yi haɓo jinin ya ƙi tsayawa da wuri, ranar ce suka hau motar riɗi suka nufo gari.

Likitar yara ta laluba cikinsa ta tarar saifa ta sauko har daidai cibiya, hanta ma ta ɗan kumbura, ga kaluluwa a matsematsinsa. Na auna himogulobin, wato jan sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, na sami 6.2. Yaro mai shekarunsa in ya gaza 11.5 ana cewa jininsa ya yi ƙasa. Fararen ƙwayoyin jini 2,100 ne, alhali ba a son su gaza 4,000. Filetlet, 'yan ɓarɓashin da ke toshe rauni su tsayar da jini, 70,000 ne, ƙasa da rabin 150,000 da ake ɗauka mafi ƙaranci, kuma wannan ya bayyana haɓon. Layi uku ke nan duk sun faɗi tare. Akwai lamba ta huɗu da ta fi damuna: sababbin jajayen ƙwayoyi da ba su daɗe da fitowa daga ɓargo ba, waɗanda ake kira retikulosait, 'yan kaɗan ne ƙwarai. Mutumin da jininsa ya zuba ta rauni, bayan kwana biyar ko bakwai za ka ga waɗannan sababbin sun cika madubin da muke duba ƙwayoyin jini da shi. Nan babu.

A Gadarif duk wanda ya ji zazzaɓin da ya wuce mako biyu ga babbar saifa, kala-azar, cutar da cizon wani ɗan ƙuda ke yaɗawa, zai fara faɗo masa a rai. Muka yi gwajin tsinke na rK39, bai nuna komai ba, amma an san gwajin nan ya fi kuskure masu cutar a gabashin Afirka fiye da Indiya. Aka tsotsi ruwan kaluluwa na duba, ban ga ƙwayar cuta ba. Daga nan likita ta fara tsoron abin da ba ta so ta faɗa a gaban iyayen, wato sankarar jini, don ita ma haka take zuwa da zazzaɓi da saifa da faɗuwar layi uku. Ta ce a ɗebo ɓargo daga ƙashin ƙugu. Sai da na ɗauki lokaci ina lallashin yayana, don jin an ce allura za ta shiga ƙashi ya tayar masa da hankali. "Yaya," na ce masa, "can ake ƙera jinin. In ba mu leƙa maƙerar ba, ba za mu san abin da ya tsayar da aiki ba."

Maganar maƙera ba don lallashi kawai na yi ta ba, ita ce kwatancin da ya fi zauna mini. Ɓargon babban mutum yana fitar da jajayen ƙwayoyi kamar miliyan 2 a kowace daƙiƙa, don kowace ɗaya kwana 120 take yi ta tsufa. Filetlet kwana 7 zuwa 10 suke yi. Dukansu, da fararen ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta, daga iri ɗaya suke fitowa, wasu 'yan tsirarun uwayen ƙwayoyi da James Till da Ernest McCulloch suka nuna samuwarsu a Toronto a 1961 ta hanyar gwaji kan ɓeraye. Uwayen nan akasarin lokaci barci suke yi a lungunan ɓargo, jikin ƙananan jijiyoyin jini, inda maƙwabtansu ke riƙe da su. 'Ya'yansu da jikokinsu ne ke rarrabuwa da sauri. Kuma ɓargo ba ya yanke wa kansa shawarar abin da zai ƙera ko yawansa. Saƙo yake jira daga wasu sassan jiki.

Saƙon jajayen ƙwayoyi daga ƙoda yake zuwa. Akwai ƙwayoyi a cikin ƙoda da ke lura da yawan oksijin da ke isa gare su. In ya ragu sai su saki wani homon, wato sinadarin da jiki ke aika saƙo da shi, mai suna iritiropoyetin, ana taƙaita shi da EPO, ya bi jini ya isa ɓargo. Aikinsa na da ban mamaki. 'Ya'yan jajayen ƙwayoyi da yawa mutuwa suke yi tun ba su nuna ba, EPO ne ke cewa a bar su su rayu. In jini ya yi ƙasa sosai, yawansa kan ninka sau ɗari ko fiye. Shi ya sa ɗan Gadarif da ya ƙetara ta Gallabat ya haura tsaunukan Habasha ya zauna a Gondar, cikin 'yan makonni jininsa kan ƙaru ba tare da ya sha komai ba. Shi ya sa kuma masu wankin ƙoda ke fama da ƙarancin jini har sai an riƙa yi musu allurar EPO. Tun 1906 Paul Carnot da Clotilde Deflandre a Faransa suka yi hasashen akwai irin wannan ɗan saƙo, a 1957 aka gano ƙoda ce tushensa, amma sai 1977 aka iya tace shi, 'yan miligiram kaɗan daga fitsarin marasa lafiya lita fiye da 2,500 da aka tara a Japan. Yadda ƙwaya ke gane oksijin ya ragu kuwa, shi ya jawo wa William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019.

Filetlet nasu saƙon daga hanta yake, sunansa tirombopoyetin. Fararen ƙwayoyi kuma suna da nasu, wanda ya fi shahara shi ne G-CSF, da ake saki in bakteriya ta shiga jiki, kuma shi ake yi wa masu shan maganin sankara allurarsa in fararen ƙwayoyinsu sun faɗi. Akwai wasu homon da ke sa baki daga gefe. Na maza, testosteron, yana ƙara jini, shi ya sa ma'aunin namiji baligi 13 ne na mace 12. Na maƙoshi in ya yi ƙasa jini ma kan ɗan ja baya. Waɗannan ba su shafi yaronmu ba. Ƙodarsa lafiya lau take, na auna. Kenan saƙo yana fita. To me ya hana a amsa?

Na shafa ɓargon a gilashi, na rina shi da Giemsa, na sa a madubi. Abu na farko da na nema ban gani ba, na yi hamdala a zuciya: babu cunkoson ɗanyun ƙwayoyi iri ɗaya da ke nuna sankara. Ɓargon kuma ba fanko ba ne. Cike yake, 'ya'yan jajayen ƙwayoyi na nan birjik, sai dai da yawansu siffarsu ta karkace, kamar aikin da aka fara aka watsar. Na daɗe ina zagaya gilashin kafin na faɗa kan wata makrofaj, babbar ƙwayar da aikinta haɗiye tsofaffin ƙwayoyi da baƙin da suka shigo jiki. Cikinta ɗauke yake da 'yan ɗigo-ɗigo sama da goma, kowane da babban tabo da ƙaramar sanda a gefe. Duk wanda ya taɓa ganinsu ba ya mantawa. Leishmania donovani ce, ƙwayar kala-azar, wadda William Leishman da Charles Donovan, kowa da nasa aikin, suka bayyana a 1903 daga saifar mutanen da suka kamu a Indiya. Shekara guda bayan haka aka tabbatar da cutar a Sudan.

Sai na yi rini na biyu, wanda ke mayar da ƙarfe shuɗi. A nan amsar tambayar yayana take. Makrofaj ɗin sun yi shuɗi shar, maƙil da ƙarfe. 'Ya'yan jajayen ƙwayoyin da ke kewaye da su kuwa kusan babu ko ɗigo.

Jikin babban mutum na ɗauke da ƙarfe giram 3 zuwa 4, mafi yawansa cikin himogulobin. Ɓargo na bukatar miligiram 20 zuwa 25 kowace rana, amma abin da hanji ke tsotsa daga abinci miligiram 1 zuwa 2 ne kacal. Ragowar duk tsohon ƙarfe ne. Kamar yadda maƙeri ke karɓar tsohuwar fartanya ya narka ya fitar da sabuwa, haka makrofaj na saifa da hanta ke haɗiye tsofaffin jajayen ƙwayoyi, su ciro ƙarfen su mayar cikin jini. Ƙofa ɗaya tak ƙarfe ke fita daga cikin ƙwaya, sunanta feropotin, kuma ita ce dai a bangon hanji. Makullin ƙofar a hannun hanta yake, wani ƙaramin homon ne mai suna hefsidin, da aka gano a tsakanin 2000 da 2001. A 2004 Elizabeta Nemeth da Tomas Ganz da abokan aikinsu a Amurka suka nuna abu biyu: hefsidin kan kama feropotin ya sa ƙwaya ta haɗiye ta ta lalata, kuma abin da ke zuga hanta ta saki hefsidin lokacin ciwo shi ne wani saƙon garkuwar jiki da ake kira intalukin-6.

Hikimar abin a fili take. Ƙwayoyin cuta da yawa na bukatar ƙarfe don su hayayyafa, saboda haka da jiki ya ji an shigo masa, sai ya kulle rumbu. In ciwon na kwana biyar ne, babu asara. Na yaron nan wata biyu ya yi. Duk cokalin maganin ƙarin jini da uwarsa ta ɗura masa, ƙarfen kan shiga ƙwayoyin bangon hanji ya tarar da ƙofar fita a rufe, bayan 'yan kwanaki ƙwayoyin su saɓe su fita da shi cikin bayan gida. Da na fassara wa matar yayana wannan, sai ta ce, "Ashe shi ya sa kashinsa ya yi baƙi." Ta yi gaskiya, ƙarfen da bai shiga jiki ba shi ke baƙanta shi. Abin takaicin ma, ita Leishmania cikin makrofaj take zaune, wato cikin rumbun da aka kulle. An rufe ƙofa ɓarawo na ciki.

Kulle ƙarfe ba shi kaɗai ba ne. Saƙonnin yaƙi irin su TNF da intalukin-1 da intaferon-gama suna rage yawan EPO da ƙoda za ta saki, su kuma sa 'ya'yan jajayen ƙwayoyi su yi kunnen ƙashi da wanda ya iso, wasu ma su mutu a hanya. Suna kuma sauya alkiblar aikin tun daga tushe. A cikin ƙwayar da ba ta riga ta zaɓi hanya ba akwai furotin biyu da ke ja-in-ja, GATA-1 mai jan ta zuwa jajayen ƙwayoyi da filetlet, da PU.1 mai jan ta zuwa fararen ƙwayoyin yaƙi. Saƙonnin ciwo bayan PU.1 suke bi. Maƙerar da aka saba ƙera fartanya sai a ce mata yau kibiya da mashi ake so. Gwaje-gwaje kan ɓeraye masu wannan cuta sun nuna intaferon-gama na tayar da uwayen ƙwayoyi daga barcinsu, kuma uwar da aka hana hutu ƙarfinta raguwa yake yi.

Mai karatu zai iya tare ni a nan ya ce, in an karkata ga fararen ƙwayoyi, me ya sa su ma suka faɗi? Tambayar na kan hanya, kuma saƙonni kaɗai ba su amsa ta. Saifa ce ke amsa rabi. Lafiyayyar saifa na riƙe kashi ɗaya cikin uku na filetlet, amma in ta kumbura kamar ta yaron nan takan tsare mafi yawansu, ta haɗa da farare da jajaye. Makrofaj ɗin da intaferon-gama ya harzuƙa kuma sukan wuce gona da iri, su riƙa haɗiye ƙwayoyin jinin da ba su tsufa ba. Na ga biyu ko uku a gilashin da jajayen ƙwayoyi a cikinsu. Ga kuma intalukin-10, mai sanyaya garkuwa, wanda kan yi yawa a masu kala-azar ya hana makrofaj kashe abin da ta haɗiye. Jiki na ihun yaƙi, yana kuma riƙe hannun mayaƙansa. A ganina ba za a iya raba wa kowane dalili kasonsa a jikin yaro ɗaya ba, kuma wanda ya ce maka ya iya, ya yi ƙari. Abin da na tabbatar da idona shi ne ƙarfe na nan, ma'aikata na nan, aiki ne ba ya kammala.

Gardamar da ta biyo baya a kan ƙarin jini ce. Yayana ya naɗe hannun riga ya ce a ɗebi nasa yanzu. Likita ta ce a dakata. Yaron ba ya haki, zuciyarsa ba ta nuna gajiya ba, haɓon ya tsaya, kuma ƙa'idar da ake bi ga yara ita ce a ƙara jini in himogulobin ya gaza 4, ko yana tsakanin 4 da 6 tare da alamun galabaita. Ta sa aka gwada rukunin jinin uban aka ajiye shi cikin shiri. Ta kuma ce a tsayar da maganin ƙarfe tukuna. Wannan ya fi ɓata masa rai. "Likita, yaro ba jini, ki ce a daina maganin jini?" Na fassara mata da Larabci, na juyo masa da amsarta da Hausa: ba hana shi aka yi ba, jinkirta shi aka yi har ƙofa ta buɗe. Bai gamsu ba, ya dai yi shiru don ganin idona.

Aka fara allura biyu kullum na kwana 17, sodiyam stibogulukonet da paromomaisin, haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi don gabashin Afirka a 2010, a madadin kwana 30 na stibogulukonet shi kaɗai. Allurai ne masu zafi, yaron kan fara kuka tun daga jin takun ma'aikaciyar jinya. "Baffa, ka ce musu ya isa," haka yake ce mini duk safiya. Ba a wasa da cutar, don in ba a yi magani ba fiye da kashi 95 cikin ɗari na masu ita mutuwa suke yi, kuma a yankin Yammacin Upper Nile, da ke cikin Sudan ta Kudu a yau, an ƙiyasta ta kashe mutum kusan 100,000 tsakanin 1984 da 1994.

A kwana na biyar zazzaɓi ya sauka bai dawo ba. A kwana na tara na sake shafa jininsa, kuma wannan gilashin ne ya fi burge ni a duk lamarin. Sababbin jajayen ƙwayoyi, manya masu ɗan shuɗi-shuɗi, sun bazu ko'ina. Ba a ƙara masa jini ba, ba a yi masa allurar EPO ba, bai sha ƙarfe ba. Ƙwayar cuta ta ragu, intalukin-6 ya lafa, hanta ta sassauta hefsidin, ƙarfen da ke tsare cikin makrofaj ya fito, saƙon ƙoda da aka daɗe ana yi wa kunnen uwar shegu ya sami mai amsawa. Akwai ma wani homon da 'ya'yan jajayen ƙwayoyi da kansu ke aika wa hanta in aiki ya kankama, iritiroferon, wanda aka gano a 2014, saƙonsa shi ne a ƙara buɗe rumbu. Ba mu da na'urar auna ko ɗaya daga cikin waɗannan a ɗakinmu. Sawunsu kawai nake gani a madubi.

Ranar sallama himogulobin ya kai 8.4, fararen ƙwayoyi sun haura 4,000, filetlet sun wuce 150,000, saifa ta ja sama da yatsu uku. A ranar ce likita ta rubuta maganin ƙarfe na wata uku, don yaron da ke girma kuma yake sake gina jininsa zai cinye ajiyarsa da wuri. Yayana ya karɓi takardar ya dube ni ya ce, "Irin wanda muka zo da shi a leda ne fa." Na ce masa shi ne.

Bayan wata huɗu suka dawo a firgice, wasu ƙananan ƙuraje sun feso wa yaron a kewayen baki da kumatu. Wannan sananne ne a Sudan, kusan rabin waɗanda suka warke daga kala-azar kan yi shi cikin wata shida, kuma akasari yakan baje da kansa. Himogulobin ɗinsa 11.8, saifa ba ta taɓuwa, tabon sakiya uku ne kawai suka rage a cikinsa. Likita ta ce a bar ƙurajen a sa musu ido, a dawo da shi in sun ƙaru ko sun kusanci ido. Ta kuma tambayi inda yake kwana da bazara. Ɗan ƙudan da ke yaɗa cutar, wanda bai kai sauro girma ba, ya fi yawa daga Maris zuwa Yuni, a baƙar ƙasar nan mai tsagewa inda aduwa da dushe suke, kuma da dare yake cizo. Yaron da ƙannensa biyu a tsakar gida suke shimfiɗa tabarma in zafi ya matsa, aduwa na bayan danga. Kafin su hau mota yayana ya biya kasuwa ya sayi gidan sauro uku masu ƙananan ido, ya bar ƙaramin ƙanen a wurina don a gwada shi, saboda kwana goma ke nan jikinsa na zafi da yamma.